Jawabin Maraba ga Shugaban Majalisar Gudanarwa ta Jami'a daga Ɗaliban Karatun Ƙarshen Mako

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaban Majalisar Gudanarwa, mai girma Shugaban Jami'a, Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana ɗalibai.

Ranka ya daɗe, a madadin ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke haɗa karatu da aiki, ina yi muku barka da zuwa. Mun ji daɗi ƙwarai da kuka zaɓi ranar Asabar, domin ita ce ranar da ake samun mu a cike. Waɗannan da kuke gani malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da na banki, da na ƙananan hukumomi, kuma da yawansu sai an idar da sallar Juma'a suke kama hanya daga garuruwansu, su kwana a gidan 'yan'uwa, su wayi gari a aji.

Kukanmu guda ne: ana yanke shawara a kan karatunmu a lokacin da muke bakin aiki. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, an sake tsara zangon karatu, aka manna sanarwar a allon sashe a tsakiyar mako, har wata abokiyar karatunmu, ma'aikaciyar jinya, ta sauka daga aikin dare ta biya kuɗin mota ta zo, sai ta tarar an riga an yi jarrabawar. Ba mu zargin kowa da mugun nufi. Da akwai ɗaya daga cikinmu a wurin zaman, da ya faɗi abin da zai faru tun kafin a sa hannu. Haka nan maganar sa ranar kare kundin bincike a safiyar Litinin, da lokutan ganin malamai masu duba ayyukanmu.

Dokar gyara ta 2003, wadda aka fi sani da dokar cin gashin kan jami'o'i, ta tanadi cewa ɗalibai su sami wakilci a kwamitocin da ke kula da harkokinsu, kuma a dama da su wajen tsara manhaja. Muna roƙon wannan tanadi ya iso gare mu. A ba mu kujera biyu a kwamitin karatun gaba da digiri na kowane sashe, mu zaɓi wakilan da kanmu, a riƙa ba su damar shiga zaman ta Zoom idan ranar aiki ce, a kuma turo mana abin da aka zartar da wuri. In an zo kan makin jarrabawa, wakilanmu za su tashi su ba da wuri, domin wannan hurumin malamai ne da Majalisar Dattawan Jami'a.

Takardar wannan roƙo tana hannun Shugaban Makarantarmu, muna fatan za ku gabatar da ita a zamanku na gaba. Allah ya ja zamaninku, ya mayar da ku gida lafiya.