Sharhi: Na'urar da ke gane mutum daga tafiyarsa

Jama'a masu saurarenmu, barkanmu da war haka.

Dattijo na zaune a gindin darbejiya da yamma, ya hango wani tafe a kan burtali daga gona. Tun fuska ba ta bayyana ba sai ya ce, "Wancan ai ɗan gidan Sarkin Noma ne." Tafiyarsa ya gane, yadda yake jefa ƙafa, da yadda kafaɗarsa ta karkata wajen da yake saɓa fartanya.

To, wannan basirar ce aka koya wa kwamfuta. Kyamara za ta ɗauki mutum yana tafe, manhaja ta zare siffar jikinsa kamar inuwa, ta auna tsawon takunsa da lilon hannuwansa, sannan ta gwada da hotunan da aka adana. A 2018 aka ba da labarin cewa 'yan sanda a biranen Bejin da Shangai na ƙasar Sin sun fara aiki da irin wannan manhaja ta kamfanin Watrix. Kamfanin ya ce tana gane mutum daga nisan mita 50, ko ya ba da baya ko ya rufe fuska, kuma tana dacewa sau 94 cikin 100.

Duk wanda aka taɓa kore wa shanu da dare zai ji daɗin wannan labari. Ɓarawo na iya naɗe fuska da rawani ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma tafiyarsa tana nan tare da shi.

Sai dai, jama'a, shidan nan da suka rage cikin 100 su ne ke damuna. Masu bincike a ƙasar Sin sun ɗauki hoton mutum 124 suna tafiya haka nan, da kuma riƙe da jaka, da kuma sanye da kwat, kuma an sha ganin cewa ko kwat kaɗai na iya rikita irin wannan na'ura. To ina ga babbar riga? Ina ga zani da hijabi har ƙasa? Ga goyo, ga tulu a ka, ga rairayin Jigawa da ke sauya takun kowa. Manomin da ƙaya ta soke shi jiya, yau da ɗingishi zai shiga kasuwa. Dattijon can idan ya yi kuskure, sai ya ce "Ashe ba kai ba ne," magana ta wuce. Kuskuren na'ura kuwa yana iya kwanar da mai gida a bayan kanta.

Kuma wajen rajistar NIN kai ne ka miƙa yatsa da kanka. Tafiya kuwa daga nesa ake ɗaukarta, ba sallama, ba neman izini.

Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Muna kira ga 'yan majalisun Kano da Jigawa: duk ranar da aka kawo maganar sayen irin wannan na'ura, a fara gwada ta a kan mutanenmu, cikin tufafinmu, a kan hanyoyinmu, a bayyana wa jama'a sakamakon. Kada kuma a tsare kowa a kan shaidarta ita kaɗai.