Wa Ke Ba Da Umarni Idan Abin Gaggawa Ya Taso A Jami'a?

Masu kallo, babbar jami'a tana tara dubban mutane a wuri guda dare da rana. Akwai ɗakunan kwanan ɗalibai, akwai ɗakunan gwaje-gwaje da ake ajiye sinadarai masu kama wuta, akwai manyan zaurukan lacca waɗanda ɗaruruwan mutane ke shiga ta ƙofa biyu ko uku. Yawancin mazauna wurin matasa ne da iyayensu ke nesa, kuma kowace shekara ana samun sababbi waɗanda ba su san hanyar fita daga ginin da suke kwana a ciki ba.

Shirin gaggawa yana farawa da zama a lissafa abin da zai iya faruwa a wannan harabar, domin haɗarin jami'ar da ke bakin kogi dabam yake da na wadda ke yankin girgizar ƙasa. Gobara, ambaliya, ɓarkewar annoba a ɗakunan kwana, malalar sinadari, harin 'yan bindiga, ɗaukewar wutar lantarki na kwanaki: kowanne ana auna yiwuwar aukuwarsa da girman ɓarnarsa. Wannan ɓangaren ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne tambayar da ke biye: idan abin ya faru da ƙarfe biyun dare, shugaban jami'a kuma yana wata ƙasa, wa ke da ikon yanke hukunci?

Jami'o'i da yawa suna amsa wannan tambaya da wani tsarin jagoranci da ya samo asali daga jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan gobarar daji ta shekarar 1970, lokacin da aka lura cewa hukumomin da suka kawo ɗauki ba su rasa ma'aikata ba, sai dai kowa yana bin nasa shugaban, yana magana da nasa kalmomin. A wannan tsari, mutum ɗaya ne kwamandan lamarin. A ƙarƙashinsa akwai mai kula da aiki a fili, da mai tsara matakin gaba, da mai samar da kayan aiki, da mai lissafin kuɗi, sannan akwai mai magana da yawun jami'a. Kowane ma'aikaci shugaba ɗaya yake kai wa rahoto, kuma ba a so mutum ɗaya ya jagoranci fiye da mutum bakwai kai tsaye. Kowane muƙami yana da mataimaki da aka rubuta sunansa tun da wuri, saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da asibitocin garin ya kamata su riga sun zagaya harabar, sun karɓi taswirar gine-gine, sun san ƙofar da motar ɗaukar marasa lafiya za ta iya bi.

Yanzu mu tsaya a kan sanarwa, domin jinkirinta na iya sa rayuka su salwanta. Ranar 16 ga Afrilu, 2007, a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka, an harbe ɗalibai biyu a wani ɗakin kwana da misalin ƙarfe 7:15 na safe. Masu bincike sun ɗauka rikici ne tsakanin mutanen da suka san juna, kuma maharin ya riga ya bar harabar. Manyan jami'ai suka shiga taro suna tattauna abin da za a faɗa. Saƙon imel na farko bai fita ba sai ƙarfe 9:26, fiye da sa'a biyu bayan harbin, kuma ko a cikinsa ba a bayyana cewa an rasa rai ba, ba a kuma dakatar da darussa ba. Mintuna kaɗan bayan haka, maharin ya kashe ƙarin mutum 30 a wani ginin azuzuwa da ya ɗaure ƙofofinsa da sarƙa daga ciki. Jimillar waɗanda ya kashe a ranar mutum 32 ne.

A shekarar 2008 Amurka ta yi wa dokarta ta tsaron jami'o'i gyara, inda ta wajabta sanar da jama'ar harabar nan take da zarar an tabbatar da haɗari, tare da gwada tsarin gaggawa aƙalla sau ɗaya a shekara. A ganina, darasin ya shafi kowace jami'a a duniya: jami'in da ke bakin aiki a lokacin dole ne ya sami ikon tura gargaɗi ba tare da jiran kwamiti ba. Shi ya sa ake rubuta saƙonnin tun kafin a buƙace su, a bar gurbin sunan gini kawai. Saƙo mai kyau gajere ne, yana faɗin abin da ke faruwa, da inda yake faruwa, da abin da ake so mutum ya yi yanzu. Ana kuma tura shi ta hanyoyi da dama lokaci guda, wato saƙon waya, imel, jiniya, lasifika da shafin jami'a na intanet, saboda ɗalibin da ke rubuta jarrabawa ya kashe wayarsa, kurma kuwa ba zai ji jiniya ba.

Umarnin da kansa ya danganta da irin haɗarin. Idan gobara ce, a fita ta matakala, a taru a wurin da aka keɓe, a ƙirga mutane; kuma tun da farko a san wanda zai taimaki ɗalibin da ba ya iya sauka da ƙafarsa. Idan ɗan bindiga ne kuma babu hanyar tsira, a kulle ƙofa, a kashe fitila, a rufe ƙarar waya. Umarnin da ya ceci mutum a hali na farko zai iya halaka shi a na biyu.

Duk wannan ba ya zama a jikin mutane sai da atisaye, amma shi ma atisayen yana da ƙa'ida. A watan Afrilun 2015 aka kai hari kwalejin jami'a ta Garissa a Kenya, aka kashe mutum 148. A watan Nuwamban shekarar, Jami'ar Strathmore da ke Nairobi ta gudanar da atisayen tsaro har da ƙarar harbi, alhali mutane da yawa ba su san gwaji ba ne. Wasu suka yi ta dirowa daga benaye, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, da dama suka jikkata. Saboda haka ana fara atisaye ne a kan tebur, jami'ai su zauna a karanta musu labarin haɗari, kowa ya faɗi matakin da zai ɗauka, sannan daga baya a fita fili bayan an sanar da kowa rana da lokaci.

Bayan an shawo kan lamarin, aiki bai ƙare ba. Iyaye za su yi ta bugo waya, don haka ana buɗe musu layi na musamman, mai magana da yawun jami'a kuma yana fitar da bayani a kai a kai domin ya riga jita-jita. Waɗanda suka firgita suna buƙatar masu ba da shawara na tsawon watanni. Sai kuma batun ci gaba da karatu. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a watan Agustan 2005, Jami'ar Tulane ta rufe na zangon karatu guda, shugabanninta suka koma gudanar da aiki daga birnin Houston, wasu jami'o'i suka karɓi ɗalibanta, ba ta sake buɗewa ba sai watan Janairun 2006. Jami'ar da ta ajiye kwafin bayanan ɗalibai da na albashi a wani wuri nesa da harabarta, ita ce ke iya jure irin wannan rufewa.

Daga nan sai duk waɗanda suka yi aikin su zauna a bi abin da ya faru minti bayan minti: yaushe aka sami labari, yaushe saƙo ya fita, wace ƙofa aka tarar a kulle, lambar wa aka kira ba ta shiga ba. Kowane gyara da aka amince da shi ana rubuta sunan wanda zai yi shi da ranar da zai kammala, kuma ana so a gama kafin sababbin ɗalibai su shigo a zango mai zuwa.