Safar hannu mai kala biyu: daga zane zuwa saƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau safar hannu za mu saƙa, irin wadda ake barin yatsu a waje, da zare kala biyu. Na san wata za ta ce, a zafin nan na Legas wa zai sa safar hannu? To, akwai masu wuni a ofis na'urar sanyaya ɗaki na busa musu, akwai 'yan uwa a Jos da hunturu ke jiransu, ga yaran da ke karatu a Ingila. Tunda yatsu na waje, mutum zai latsa wayarsa ko ya ja carbi ba sai ya cire ba.

Wannan salon saƙa da kala biyu ya yi suna ne daga Fair Isle, wani ɗan tsibiri a arewacin Sikotlan, musamman bayan da Yariman Wales, mai jiran gadon sarautar Birtaniya, ya fito da rigar sanyi irin ta mutanen tsibirin a 1921. Ƙa'idarsu guda ce, ita za mu bi: komai yawan kalolin da ke jikin kaya, layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kala biyu.

Ku fara da awo. Ku zagaya tafin hannu da tef, banda babban yatsa. Hannun da na auna santimita 19 ne. Na saƙa ɗan gwaji da kalolin biyu, na samu ido 3 (ido shi ne kowane madaukin zare da ke kan tsinke) a kowace santimita, ya kama 57 ke nan. Amma zanena yana maimaita kansa ne bayan ido 8, don haka sai na sauko 56, ya zagaya sau 7 cif. In aka tsallake wannan lissafin, a gefen hannu zanen zai yanke.

Zanen kuwa, littafin lissafi mai gida-gida ya wadatar, gida ɗaya ido ɗaya. Ba sai kun ɗauko zanen tauraro irin na Turawa ba, ƙananan zanen da ke jikin hular zanna suna zama daram a bayan hannu. Wajen zaɓen kala a kasuwa, ko Balogun kuka shiga ko nan Agege, ku jera ƙullin biyu ku ɗauki hotonsu, ku mayar da shi baƙi da fari. In suka saje, ku canja ɗaya. Ja da kore sun sha yaudarar mutane a nan.

Wuyan hannu saƙar roba ce, biyu gaba biyu baya, da kala ɗaya. Wannan ba wuya.

Yanzu ku duba cikin safar, don a nan aikin yake. Duk lokacin da kala ɗaya ke aiki, ɗayar tana bi ta baya a kwance. In kuka ja ta da ƙarfi, saƙar za ta tattare, hannu ya ƙi shiga. Kafin ku ɗauko kalar da ke jira, ku baza idanun da ke kan tsinken dama, sannan ku ɗora zaren a sake. Kada kuma zare ya tsallake ido fiye da 5 ba ku maƙale shi ba, in ba haka ba zobe ko farce zai kama shi wajen sawa. Sai abin da da yawa ba sa lura da shi: zaren da ke bi ta ƙasa ya fi fitowa a fuska. Ku ba kalar zane ƙasa, kalar fili sama, kada ku sauya har ku gama safa ta biyu.

Babban yatsa, ku riƙa ƙara ido 2 bayan kowane zagaye biyu har ya kai gindin yatsan, ku zura idanun babban yatsan a wani guntun zare, ku ci gaba zuwa gaɓoɓin yatsu, ku rufe da saƙar roba.

Ulu na gaske ya fi kyau, don zarurrukan na kama juna. Na roba shi ya fi samuwa, kuma yana yi. Auduga ba ta miƙewa, ba na ba mai koyo shawararta. In kun gama, ku jiƙa a ruwan sanyi, ku matse cikin tawul, ku shimfiɗa a inuwa kusa da fanka. Da damshin Legas, ku tabbata ta bushe sarai kafin ta shiga leda.