Dariyar da ta raba zauren majigi

(Laccar da aka gabatar a Marwa, a arewacin Kamaru, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Makon jiya da aka haska fim ɗin nan ina zaune kusa da ƙofa, ido ɗaya a kan allo, ɗaya a kan fuskokinku. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, ƙaramin fim ne na Turawa wanda babu wani babban kamfani a bayansa. 'Yan wasan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, babu kiɗa, kyamara a kafe wuri guda. An buga wa wani magidanci waya cewa ƙanensa ya rasu. Ya ce to, ya ajiye wayar, ya ci gaba da cin abincinsa har ya suɗe kwano. Daga nan har ƙarshe yana ta kai da komo cikin masu makoki, yana laluben baƙin cikin da kowa ke jiran gani a fuskarsa, ya rasa. Har ta kai ya kulle ƙofa, ya tsaya gaban madubi yana koyon kuka.

A wurin madubin nan ne zaure ya dare. Samari suka tuntsire da dariya, nan take wasunsu suka toshe baki kamar an kama su da laifi. Wani dattijo, uba a gare ni, ya ɗauki sandarsa ya fita, yana cewa mutuwa ba abin wasa ba ce. Wasu kuma suka ce su dai barci ya so ɗauke su. Waɗannan ba zan daɗe a kansu ba. Mun tashi da finafinan Indiya da na Kano, inda kiɗa ke sanar da kai lokacin kuka, marigayi Ibro kuma tun kafin ya buɗe baki ka san dariya ce ke tafe. Fim ɗin da ya bar ka kai kaɗai, babu mai nuna maka abin da za ka ji, dole ya yi wa sabon shiga nauyi.

Dattijon nan ne ya hana ni barci, don ina ganin yana da hujja, sai dai ya ɗora ta a inda ba nan ba ne gurbinta.

Mu mutanen shiru ne. A garin nan Bahaushe ya daɗe yana zaune da Bafulatani har ya ari kalmar fulako daga pulaaku. Mun san munyal, mun san semteende, muna kiran su haƙuri da kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Uba zai binne ɗansa da safe, da azahar yana zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa, ana cewa "ya haƙuri", yana cewa "da godiya". Baƙon da bai san mu ba zai ɗauka ba ma jin ciwo. Amma ku tambayi wanda ya kwana gida ɗaya da uwar nan ranar da ɗan farin ya kwanta zazzaɓi. Tukunya ce cike, an dai rufe ta da faifai.

Mutumin cikin fim kuwa, in ka ɗaga faifan, tukunyar wayam take. Shi ma ya san haka, kuma abin yana firgita shi. Shi ya sa ya je gaban madubi. Babanmu ya ɗauka dauriyarmu ake yi wa ba'a, alhali bushewar zuciya ake tonawa. Dariyar samarin ma, da na dube su da kyau, irin wadda ke kuɓuce wa mutum ce idan aka taɓo masa abin da yake ɓoyewa.

Waɗanda suka yi lise, wato babbar sakandare, a cikinku sun karanta littafin L'Étranger na Albert Camus, wanda ya fito a 1942. An gurfanar da mutum kan kisan kai, amma a kotu aka fi nanata cewa bai yi kuka a jana'izar mahaifiyarsa ba. Mu kuma muna da ma'aunin da ya riga wannan. Lokacin da Ibrahim ɗan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu, idanun Manzo sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, kuma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Da Aƙra'u ɗan Habisu ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Kururuwa da yage tufafi aka hana mu, ba a taɓa cewa zuciya ta zama dutse ba.

Ban ce fim ɗin bai da aibi ba. Ƙarshensa ya ja da yawa, kuma ban ji daɗin yadda aka mayar da matar mamacin abin dariya ba, ita da ke kukan gaskiya. A nan mai fim ɗin ya yi sake, sanyin jarumin nasa ya kama shi shi ma.

Amma abin da ya sa na yarda na tsaya gabanku yau ya fi fim girma. Tun 2013 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo. A watan Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a cikin Marwan nan. Kolofata, Amcide, Fotokol, garuruwan bakin iyaka da suka sha hare-hare, kowa a zauren nan yana da wanda ya sani daga can. Akwai yaran da suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba, yanzu sun zama samari, suna azuzuwanmu, suna tuƙa babur a titunanmu. Ka ba su labarin mutuwa su ce "Allah ya jiƙansa" su wuce, mu kuma mu yaba, mu ce yaron nan akwai tawakkali. Wani tawakkalin ne da gaske. Wani kuwa firgici ne ya daskarar da shi, yana bukatar mai zama da shi, wani lokaci har da likita, amma da yake shirunsa ya yi kama da irin wanda muke girmamawa, sai mu bar shi da kayansa.

Bayan an watse ranar nan, wani ɗalibina daga wajen iyaka ya biyo ni har inda na ajiye babur. Yana cikin waɗanda suka fi kowa dariya. Ya daɗe yana wasa da makullin hannunsa, sannan ya ce mini, malam, shi ma ya taɓa tsayawa gaban madubi haka bayan an binne yayansa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Muka zauna a kan dakali har aka kira isha'i.