Alhaji ya biya kwastam, me ya sa aka hana shi sayar da kayansa?

[Hoto: layin kwantenoni a tashar jiragen ruwa ta Tema, ƙasar Gana]

Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ɗaya kuke ta turowa daga Nima, Mamobi har Aboabo ta Kumasi. Alhaji ya biya kuɗin kwastam, rasit na aljihunsa, kwantena ta fito, an sauke kaya a sitonsa, sai ga jami'i ya ce kar a taɓa ko katan ɗaya. Wasu har sun yanke hukunci cewa na goro ake nema.

Rasit ɗin nan shaidar haraji ne. Jami'in kwastam yana duba abin da ke cikin kwantena, yawansa, da kuɗin da gwamnati za ta karɓa. Ko kayan za su ƙona gida ko su lalata fata, wannan aikin wasu ne. Abinci, magani da man shafawa na hannun hukumar kula da abinci da magunguna, FDA. Wayar wuta, soket, tukunyar gas da dangoginsu na hannun hukumar kula da ingancin kaya, GSA.

Matakan farko ba su da wuya. Ejan, wato wakilin da ke fitar wa mai kaya kayansa daga tasha, ya shigar da takardu a ICUMS, manhajar da kwastam ke aiki da ita tun 2020. A buɗe kwantena. A karanta rubutun jikin kaya: dokar lakabi ta 1992, L.I. 1541, ta ce ya zama da Turanci, da sunan kaya, ƙasar da aka yi shi, da lambar rukunin da ya fito.

Inda ake ruɗewa shi ne ɗaukar samfuri.

[Hoto: jami'i ya wuce katan-katan na bakin ƙofa, ya kutsa ciki]

Ku lura, bai tsaya a bakin ƙofa ba. Kayan bakin ƙofa kamar tumatirin saman kwando ne, kowa ya san yadda ake jera su. Jami'in da ya san aikinsa da hannunsa yake zaɓa, daga gaba, tsakiya da can ƙurya, kuma kowace lambar rukuni sai ya ɗebi nata, domin masana'anta ɗaya tana iya yin rukuni mai kyau yau, gobe ta rage kayan haɗi. Idan ejan ne ya miƙo samfurin daga jakarsa, a ganina an gama ɓata gwajin tun kafin a fara.

A ɗaure samfurin, a buga hatimi, jami'i da wakilin mai kaya su sa hannu, a wuce da shi ɗakin gwaji. To gwaji ba ya ƙarewa a yini ɗaya, kwantena kuwa kowace rana ta ƙara a tasha kuɗin ajiya ne ke hawa. Shi ya sa akan bar mai kaya ya kai su sitonsa bisa sharaɗin ba zai sayar ba sai sakamako ya fito. Kayan suna gidan Alhaji, amma a tsare suke.

[Hoto: naɗin waya a kan teburin gwaji]

Mu ɗauki wayar wuta, irin wadda ake saya a Zongo Lane, layin masu kayan wuta a Ankara, babban birnin Gana. An rubuta 2.5 a jikin robar, wato kaurin jan ƙarfen da ke ciki, ita ce ake ja wa soket. Da ido ba ka bambance ta gaske da ta jabu, don mai ha'inci yakan rage ƙarfen ya ƙara kaurin roba, waya ta cika hannu.

Sai a feɗe ta. A kankare ƙarfen da wuƙa. Kun ga farin nan da ya bayyana? Alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Wata kuma ka kawo maganaɗisu ta manne masa, alhali jan ƙarfe na gaske ba ruwansa da maganaɗisu.

Awon da ke yanke hukunci shi ne turjiya, wato yadda waya ke tare wa wuta hanya. Ƙa'ida ta ce waya mai lamba 2.5 kar turjiyarta ta wuce om 7.41 (om shi ne ma'aunin turjiya) a kilomita ɗaya, a zafin digiri 20. Zafin Ankara ya fi haka, kuma turjiyar jan ƙarfe tana hawa da zafi, don haka sai mai gwaji ya daidaita lissafi, in ba haka ba ya kayar da waya mai kyau. Alminiyam mai kauri ɗaya yana wuce wutar da ba ta kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba. Abin da waya ta tare, zafi yake komawa. Hajiya ta jona dutsen guga da butar lantarki a layi ɗaya, waya tana dahuwa cikin bango ba wanda ya gani, roba ta yi laushi, wayoyi biyu su haɗu.

Akwai ma awon da ɗan kasuwa zai iya yi da sikeli: mita 100 na wannan waya, jan ƙarfen cikinta kaɗai ya kai kilo 2.2, ban da roba. Naɗin da ka ɗaga ka ji shi sakayau, akwai magana. Robar ita ma ana kara mata harshen wuta, ana janyewa ya kamata ta mutu da kanta.

[Hoto: takardar sakamako, an rufe sunan kamfani]

In sakamako ya yi kyau, a ɗage tsarewa, Alhaji ya buɗe shago. In matsalar rubutun jikin kaya ce kawai, ana iya ba shi damar gyarawa jami'i na tsaye. In ƙarfen ne ya gaza, ko a mayar da kayan inda suka fito ko a lalata su, kuma daga aljihun mai kaya. Wanda ya yi gaggawar sayarwa kafin sakamako, ranar da jami'i ya dawo da takardar ƙirga ya tarar katan 400 sun koma 250, sai ya faɗi shagunan da sauran 150 suka shiga.