Laccar da aka yi wa ɗaliban kiɗa masu shirin A-level kan simfoni ta 104 ta Haydn

Assalamu alaikum, na baya kuna jina ko? To madalla. Yau maganar mu akan simfoni, wato dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa kashi-kashi, ta 104 ce ta Joseph Haydn, mai tsara kiɗa ɗan Austria, wadda ake ce wa ta Landan, tana cikin ayyukan da hukumar Eduqas ta Ingila ta sa wa masu A-level na kiɗa su nazarta. Kuma tun yanzu ina so ku cire kalmar "daɗi" daga amsoshinku, mai maki bai tambaye ka ko kiɗan ya maka daɗi ba, shi so yake ka ce masa a gaɓa kaza (ƴan yankunan nan masu lamba a takardar kiɗa) abu kaza ya faru kuma ga dalili. Iyakar aikin ke nan wallahi, amma nan ne yara ke zubar da maki.

Tarihi kaɗan dai, ba zan daɗe a kai ba. Haydn yayi kusan shekara 30 yana wa gidan sarautar Esterhazy kiɗa, da uban gidan nasa Yarima Nikolaus ya rasu a 1790 sai wani mai shirya wasanni Salomon ya ɗauko shi ya kawo shi Landan a 1791, ya sake dawowa 1794. Simfoni 12 ya rubuta wa mutanen Landan, daga ta 93 zuwa ta 104, wannan ce auta, an fara kaɗa ta ranar 4 ga Mayu 1795. Me ya sa wannan ya shafe ku? Saboda a can gidan sarki mutum ɗaya yake farantawa, a Landan kuwa jama'a ne suka sayi tikiti suka cika zaure kuma makaɗan sun fi yawa, to dole ya yi abin da zai kama kunnen taro tun daga bugun farko. In ka haɗa tarihin da sautin haka ka samu maki, in ka zuba shekaru kawai ka wuce ba ka yi komai ba.

Yanzu ku buɗe takardar kiɗan, kashi na farko. Gaɓa 16 na farko gabatarwa ce a hankali cikin D maino, wato gidan sautin D mai yanayin juyayi, duk makaɗa har da mai ganga suna buga abu ɗaya da ƙarfi, D su hau A, sannan D su sauko A, sai kuma a yi ƙasa da murya kamar ba su ba. A gaɓa ta 17 sai a koma D mejo mai yanayin fara'a, gudu ya ƙaru, masu biyolin su shigo da babban karin a sanyaye. To ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. An koya muku cewa tsarin sonata, wanda aka gina kashin nan a kansa, kari biyu ne, na farko a gida na biyu a wani wajen daban, ko ba haka ba? Sai yaro ya zo gaɓa ta 65 yana ta laluben sabon kari bai gani ba sai ya kama duk abin da ya ci karo da shi ya lafta masa suna kari na biyu. A'a ɗana. Haydn karin farkon nan ya sake dawowa da shi, sai dai yanzu a A mejo kuma masu busa sun sa baki. Kamar amshi ne a waƙar makaɗanmu, kalmomin ba su canza ba amma inda ya faɗo ya canza masa nauyi. Abin da ya motsa shi ne gidan sautin, daga D zuwa A, kuma shi ake so ka rubuta.

Daga gaɓa ta 124 kuma sai ya yanki ɗan guntun karin, wurin da sauti ɗaya ke maimaita kansa, ya dinga jefa shi daga wannan kayan kiɗa zuwa wancan yana yawo da shi gida-gida, har a zo a yi tsit gaba ɗaya kafin karin ya dawo D mejo a gaɓa ta 193. Ni a ganina wannan wurin ya fi ko'ina nuna gwanintar mutumin, abu ɗan ƙarami ya cika shafuka da shi, kuma shirun nan ma ku ambace shi don yana cikin kiɗan.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ɗazu a waje me ya sa masu ƙaho da kakakin Turawa ba su cika yin karin ba. Tambaya mai kyau. A zamanin nan kayan ba su da madannai irin na yanzu, sautuka ƙalilan suke iya fitarwa, shi ya sa za ku gan su suna ta D da A. Kilarinet ma, wani kayan busa ne, baƙuwa ce a hannunsa, sai a simfoni ta 99 ya fara sa ta, don haka a nan ma ba a gaba take ba.

Kashi na huɗu ku lura da dogon sautin D da ake riƙewa a ƙasa tun farawa, kari irin na rawar ƙauye na tafiya a samansa, za mu shige shi sati mai zuwa in sha Allah tare da tambayar rubutu mai tsawo kan yadda simfoni ta bunƙasa daga 1750 zuwa 1900. Kafin nan kowa ya saurari kashi na farko da takarda a gabansa yana bin gaɓoɓin da yatsa, sannan ya ɗauki wata takardar da ba a rubuta komai a kanta ba ya nuna min 17, 65, 124 da 193 da ka, don ranar jarrabawa wadda kuka cika da jan biro ba za ta shiga ɗaki da ku ba. Akwai mai tambaya?