Dalma a ƙasa, ƙugiya a sama: lacca ga masu fatsa a Yamai

Assalamu alaikum. Iyayena Sarkawa, ina neman izini, don ba a koya wa ɗan kada iyo. Ɗauri ɗaya kawai na zo nuna wa ƙannena masu jefa fatsa a bakin kogin Isa.

Mu dai mun tashi mun tarar dalma tana sama, ƙugiya tana can ƙarshen zare. To, me ke faruwa? Tanar da ke kan ƙugiya ta kwanta cikin laka, kifi ya wuce bai gan ta ba, ko ƙugiya ta maƙale a dutse. Ni kaina na taɓa asarar ƙugiya biyar a yammaci guda kusa da gadar Kennedy, na koma gida ba ko kurungu.

Wannan ɗauri da Turawa ke kira dirofshot ya juya abin. Ana yin sa ne don wani kifi mai suna bas, ɗan asalin Amurka ta Arewa. An kai shi Japan a 1925, kuma masuntan can ne suka goge wannan dabara wajen shekarun 1990, saboda kifinsu ya ga ƙugiya har ya yi wayo. Babu bas a koginmu, amma ƙaramin giwan ruwa da ragon ruwa su ma mafarauta ne, abin da ke motsi suke kai wa cafka.

Ku matso ku ga hannuna. Ƙugiya ƙarama ce, siririya, lamba 1 ko 2. Na ninka zaren biyu, na zura ta idon ƙugiya, na yi ƙulli sako-sako, na zagaya madaukin ta kan ƙugiyar duka. Sai in jiƙa da miyau kafin in ja, don zaren roba in ya goge a bushe, zafi yana raunana shi. Wutsiyar kuwa, wato ragowar zaren da ya saura bayan ƙulli, kada ku yanke! Ku bar kamar santimita 30 zuwa 45.

Ga wurin da mutane ke ɓata aikin. Wutsiyar nan za a sake zura ta cikin ido daga sama, wato ta ɓangaren tsini, a jawo ƙasa. Kun gani? Ƙugiya ta miƙe ta tsaya a gicciye, tsininta yana kallon sama. In yana kallon ƙasa, kifi zai ci ya tofar, kai kuma ka ce rana ce ba ta yi ba. Wallahi wannan ƴar zurawar ita ce rabin aikin.

Dalma, giram 5 zuwa 10, tana ƙarshen wutsiya. In ruwa na gudu a ƙara nauyi. Ku ɗaure ta da sauƙi, yadda in ta maƙale ita kaɗai za ta tafi. Kuma don Allah a daina matse dalma da haƙori, guba ce.

Tana ko ɗan kifi, a soke shi ta baki kawai, jikin ya rage yana rawa. In dalma ta taɓa ƙasa, kar a ɗaga ta. A girgiza bakin sanda a hankali, a dakata.

Baba yana tambaya kan tsage. Gaskiyarka, Baba, haƙoransa za su datse zaren nan nan take, shi sai waya.

Ga zare, ga ƙugiyoyi, kowa ya ɗauki ɗaya. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in ga inda tsini ya kalla.